Koren Jirgin da Oleta Ta Sa wa Suna

A garinmu, nan arewacin Arkansas, idan iska ta kaɗo daga wajen rafi da hantsi, warin danko take kawowa. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, mai hawa kai, yakan bi mutum har cikin coci ran Lahadi. Mu da muka tashi a cikinsa mun daina ji. Oleta Stidham kuwa shekara talatin da shida ta yi tana shaƙarsa a kamfanin jiragen ruwa na tsoho Mabry, har mijinta Harlan yakan ce ko mata ɗari aka jera, aka ɗaure masa ido, da hanci zai tsamo tasa.

Tana da shekara ashirin da huɗu ta shiga, a 1973, lokacin da mazan ƙasar nan suka haukace da gasar kamun kifin bas a tafkin Bull Shoals. Kowa so yake ya riga ɗan'uwansa isa lungun da kifi yake, don haka kowa na neman jirgi mai tsananin gudu, kuma sai mai ƙyalli, wai ko kifin ma ya san da zuwansa. Irin wannan jirgi daga waje ake fara shi a gangaro ciki. Akwai ƙaton mazubi mai siffar jirgi, a goge shi da kaki har mutum ya ga fuskarsa, a fesa fenti da ƙyalƙyali. Kwalliya ke nan tun babu jiki. Bayan nan ake shimfiɗa tabarmar zaren gilas, a jiƙa ta da danko, a sake shimfiɗa wata, hawa-hawa, har jirgi ya yi kauri. Aikin Oleta shi ne ta bi kowane hawa da 'yar rolar ƙarfe tana korar iska kafin dankon ya daskare, domin duk kumfar da aka bari ta zama rami har abada. Ƙaiƙayin zaren gilas kuwa kada ka tambaya. Matan sashen nan babu wadda ba ta kwana tana susa ba.

Inda aka fi taka-tsantsan shi ne bangon baya, wurin da ake rataya inji. A nan ake binne katako mai kauri tsakanin hawa biyu na gilas, ya manne ta ko'ina, babu inda iska za ta laɓe. Tsoho Mabry ya kafa wata al'ada tun yana aiki a rumfar bayan gidansa: duk wanda ya haɗa bangon baya zai rubuta sunansa da fensir daga ciki, kusa da mazaunin batir, a shafe da danko yadda ba zai goge ba. Yakan ce wanda ba zai iya sa sunansa ba, kada ya sa hannunsa.

Hannun Oleta mai kyau ne, amma da kunne ta yi suna. Tana da wata 'yar guduma ta tagulla da mahaifinta ya ƙera mata, ba ta fi tsawon cokali ba. Da ita take bin jirgi da safe bayan ya kwana ya bushe. Inda aiki ya kama, sai ka ji ƙwal, ƙwal. Inda iska ta maƙale, sai ka ji bus. Mu sauran mutane sai ramin ya kai faranti muke ganewa, ita kuwa ko kamar ƙwayar wake yake za ta tsaya cak, ta zagaye wurin da alli. Da haka aka ɗora mata duba aikin kowa, kuma babu jirgin da za a rufe da rufinsa sai ta ce lafiya. Shekara ashirin, ko jirgi ɗaya mai sunanta bai dawo ba. Ta san da haka, kuma ba ta bari kowa ya manta ba. Gaskiya baki gare ta, in ta kama ka da laifi sai ka gwammace kiɗa da karatu.

A watan Agusta na 1993 aka ɗauki wata mata, Nadine Yarber, mijinta ya gudu ya bar ta da 'ya'ya uku. Sati na shida da fara aikinta, Oleta ta ƙwanƙwasa bangon da Nadine ta haɗa ta ji bus. Abin da ake yi a irin wannan shi ne a ja mutum gefe, a nuna masa, a kankare a sake. Oleta ba ta yi haka ba. Sai da ta tara sashen kaf, ta miƙa wa Nadine gudumar, ta sa ta buga da hannunta sau uku a gaban jama'a.

“Saurara da kyau, 'yar nan,” in ji ta. “Wannan ƙarar akwatin gawa ce. In ba ki iya jin ta ba, je ki nemi aikin figar kaji.”

Buford, shugaban sashe, mutum ne mai bin inda iska ta kaɗa. Ran Juma'a ya sallami Nadine.

Talata mai zuwa aka yi wani zafi da ko karnuka sun ƙi fitowa daga ƙarƙashin motoci. Shi danko ba ya daskarewa sai an ɗiga masa wani sinadari, kuma ko ɗan koyo ya san in rana ta take ana rage ɗigon, don zafi na sa shi saurin kamawa. Oleta, gwanar gwanaye, tana tsaka da ba wata labarin yadda ta yi da Nadine ta zuba awon safe da ƙarfe biyu na rana. Jirgin kore ne mai ratsin azurfa, lambarsa ta ƙare da 417. Ta dasa katakon, ta fara murza, kafin ta kai kusurwar ƙasa ta hagu dankon ya fara tauri, bokitin ya ɗau zafi har yana hayaƙi. Ta danna iya ƙarfinta, ta lulluɓe da tabarma, ta ce wa ranta ya kama.

Da safe ta zo da gudumarta. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, bus. Ta sake bugawa. Faɗin tafin hannu ne, daidai inda za a huda a sa ƙusar inji ta ƙasa. Gyaransa yini guda ne na kankara, kuma kowa zai tambayi na wane ne. Rufin jirgin yana rataye a sarƙa, mutum huɗu na riƙe da shi, ga Buford tsaye da takarda a hannu.

“Yaya, Mis Oleta? A sauke?”

“Lafiya lau. Ku sauke.”

Ta ciro fensir daga bayan kunne ta rubuta sunanta, ta shafe da danko. Ni dai duk son da nake mata ban taɓa samo mata uzuri a nan ba. Babu wanda ya matsa mata, ba korarta za a yi ba, Buford ma tsoronta yake ji. Kunya ce kawai ta kwana biyar da suka wuce. Wanzami ba ya son jarfa.

Ta fi kowa sanin abin da zai biyo baya. Ruwa zai bi ramin ƙusa ya shiga ya tarar da ɗaki a share. Zai zauna, ya jiƙa katako, katako ya fara ruɓewa a hankali, daga waje kuwa ƙyalli na nan kamar ranar da aka fesa shi. Ba bana ba, ba baɗi ba, wataƙila shekara goma, wataƙila ashirin. Amma wata rana mai jirgin zai ba inji wuta a tsakiyar tafki, bango ya saki, injin nan mai nauyin saniya ya tuma ya faɗo cikin jirgi farfela na juyawa. An taɓa yin haka a tafkin nan da jirgin wani kamfani, kuma waɗanda suka tsamo mutumin ba sa son a tayar da zancen.

Jirgin ya tafi Texas a bayan tirela tare da wasu biyar. Bayan wata guda Oleta ta shiga ofis ta tambayi sunan wanda ya saya. Yarinyar ofis ta ce dillali ne ya ɗauka, lafiya dai ko? Oleta ta ce lafiya, son sani ne kawai. Sai da shekara uku ta wuce sannan ta rubuta wa dillalin wasiƙa, ba ta sa suna ba. Wasiƙar ta dawo, an buga mata hatimi cewa shagon ya tashi. Harlan kaɗai ta gaya wa, wata ranar Lahadi suna zaune a baranda tana ɓarar wake. Ya ce ta je ta sami tsoho Mabry gobe da safe, shi yana da hanyar nemo jirginsa ko a ina yake. Ta ce to. Gobe ta yi, ba ta je ba. Harlan bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Ubangijinsa, kuma wannan shirun nasa ya fi zagi ci mata rai.

Abin da ta koma yi shi ne zuwa bakin tafki duk Asabar. Masu gasa daga jihohi bakwai suke zuwa, ta ce wa ranta wata rana koren zai biyo su. Sai ta ajiye motarta kusa da gangaren da ake sauke jirage, ta tsaya tana bin kowane kore da ido. Mutane suka ɗauka alfahari ne ke kawo ta. “Mis Oleta, an zo gaida 'ya'ya?” Sai ta yi yaƙe ta ɗaga hannu. A bakin gangaren nan akwai wata 'yar rumfa da ake sayar da tsutsar ƙugiya da kofi da soyayyen biskit, kuma mai rumfar ba kowa ba ce sai Nadine Yarber. Ta yi figar kajin, shekara bakwai, har yatsunta suka kanannaɗe, kafin ta samu ta kafa wannan. Duk Asabar Oleta na sayen kofi a wurinta, tsakaninsu ina kwana, lafiya lau, ga canjinki.

A wurin aiki kuwa ta sauya, sai dai ba wanda ya gane dalili. Ta daina tara jama'a. In ta ji bus a aikin wani, sai ta tsaya bayan an tashi ta kankare da kanta. Aka ce tsufa ne ya sanyaya ta. Ranar da ta cika shekara talatin aka yanka kek, aka ba ta allon yabo na katako da rubutun zinariya, cewa jirginta bai taɓa dawowa ba. Ta karɓa, ta gode, ta kai gida ta kife shi a saman firij.

Kamfani ya mutu a 2009, shekarar da kowa ya fasa sayen jirgi. Tsoho Mabry ya riga ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da mazuban, aka sa kwaɗo a ƙofa. Zuwa lokacin sababbin kamfanoni sun daina sa katako a bangon baya, wani abu suke zubawa da ba ya ruɓewa, kuma inji ke yanka tabarmar. Oleta ta fita da tari wanda ba ya jin magani, da hannaye masu rawa, da kunnen da ƙarar injin kankara ta cinye. Likita ya ba ta na'urar ji ta maƙalawa a kunne. Da ita tana tsintar magana in an fuskance ta, amma sauran sauti duk ya zama ɗaya, kamar mutum ya nutsa kansa a bahon wanka. Gudumar dai ba ta bar jakarta ba.

Asabar ta biyu a cikin watan Afrilun 2012, rana ta ɗan ɗaga, tana riƙe da kofinta, sai ga wata farar a-kori-kura ta shigo layi tana jan koren jirgi mai ratsin azurfa. Ta ga kore ɗari kafin wannan, amma wannan ta gane shi tun ba ta karanta lambar ba. Kofin ya zube mata a takalmi. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne injin: an ƙera jirgin don mai ƙarfin doki ɗari da hamsin, ga shi an rataya masa sabo fil mai ɗari biyu.

Mai shi yaron garinmu ne, Travis Yocum, ma'aikacin wutar lantarki, ta san kakarsa a coci. Matarsa na zaune a cikin jirgin tana ɗaure gashi. Yana ganin Oleta ya cire hula, baki har kunne, ya ce daga Texas ya jawo shi makon jiya, na wani tsoho ne da ya rasu, kuma yau zai ga iyakar gudunsa.

“Naku ne, Mis Oleta, aikin tsofaffin hannu. Yanzu ina ake irinsa?”

Ta ce ya yi mata arziki ya bar ta ta ɗan duba. Ya yi dariya ya ce ai girmansa ne. Ta durƙusa da ƙyar a bayan tirelar, ta ciro gudumar, ta buga can sama inda ta san lafiya yake. Ta gangaro kusurwar hagu ta buga. Ba ta ji komai ba. Wato ta ji wani abu, amma na saman da na ƙasan duk ɗaya ne. Ta murɗa na'urar, ta yi mata fito a kunne. Ta cire ta, ta manna kuncinta da jikin jirgin, ta sake bugawa. Shekara goma sha tara tana jiran wannan bugu, ga shi ya zo ya tarar ba kunnen. Ta tambayi Travis ko ya ji bambanci, ya ce shi dai ƙwanƙwasa yake ji. Na bayansa a layi sun fara danna ham, wani ya leƙo ta taga yana cewa a bar tsohuwa ta gama yi wa jirgi addu'a.

A duk bakin tafkin nan mutum ɗaya ce ta san wannan ƙarar, kuma Oleta ce ta koya mata. Ta miƙe, ta taka har rumfar, mutane na kallo.

“Nadine, ara mini kunnenki.”

Nadine ta dube ta, ta dubi gudumar. Ban san abin da ya ratsa zuciyarta ba, kuma ban taɓa tambayarta ba. Ta goge hannu a gaban riga, ta fito. Ta buga sama, ta buga ƙasa, ta bi bangon a hankali daga hagu zuwa tsakiya, masu ham suka yi shiru. Da ta ɗago, sai ta juyo ta fuskanci Oleta sosai yadda za ta ga bakinta.

“Ita ce. Kuma ba 'yar kaɗan ba ce, ta ci rabin bangon.”

Travis ya ce wasa suke. Oleta ta ce ya sauko da matarsa, ya ɗaga ƙafar injin, ya hau kan ƙafar da nauyinsa. Ya yi, yana gunaguni. Bangon nan mai ƙyalli ya lanƙwaso kamar murfin kwali, wani baƙin ruwa mai wari ya tsattsafo ta gindin ƙusar ƙasa, ya gangara har kan siminti. Matar ta dafe baki. Travis ya sauko, ya fara zagin duk ɗan da ya haɗa wannan bango, uwa da uba. A garinmu kuwa kowa ya san inda ake duba irin wannan. Ya haye jirgin, ya buɗe mazaunin batir, ya haska da wayarsa. Ya ga sunan Oleta, ya bar zagin.

Nan take mutane suka shiga gyara zance. Wani tsohon abokin aikinta ya ce haba, shekara goma sha tara, wane katako ne ba zai ruɓe ba? Wani ya ce mutanen Texas ne ba su toshe ramin ƙusa da kyau ba, aikinsu ke nan. Travis kansa ya ce ta yafe shi, bai san sunanta ne ba, ai ita ta ceci ransa da na matarsa yau. Ga ƙofa an buɗe mata har ƙasa, kuma da ta bi ta, da har gobe ana ba da labarin tsohuwar da ta gano ruɓaɓɓen jirgi ba kunne. Ba duka ta ji ba, amma ta karanta a fuskokinsu.

“Ba shekaru ba ne, ba kuma Texas ba,” in ji ta, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa. “Da ramin ya bar hannuna. Na buga na ji, na ce lafiya, na sa sunana. Kwana biyar ke nan da na sa aka kori wannan baiwar Allah a kan irinsa.”

Travis ya mayar da hularsa, ya sa matarsa a mota, ya fita daga layi, jirgin na ɗigar da baƙin ruwa a bayansa har titi. Bai ce mata na gode ba karo na biyu, kuma ban ga laifinsa ba. Na bayansa ya ja gaba ya sauke nasa jirgin, don kifi ba ya jiran kowa.

Nadine ta miƙo mata gudumar. Oleta ta ce ta riƙe, ita ba ta da sauran amfani da ita. Ta so ta ƙara wata magana, bakinta ya motsa, amma Nadine ta riga ta.

“Me zan yi da ita, Mis Oleta? Tsutsa nake sayarwa.”

Ta ajiye ta a kan bonet ɗin motar Oleta, ta koma rumfarta, akwai masu jiran kofi.

Oleta ta yi shekara huɗu bayan wannan kafin tarin ya gama da ita. Mutane ba su daina gaishe ta ba, ba a kuma raba ta da kujerarta a coci ba, sai dai babu wanda ya sake kawo mata jirgi ta duba, babu mai ce mata an zo gaida 'ya'ya. Asabar ɗin da ta biyo bayan ranar koren jirgin ta tashi da wuri yadda ta saba, ta yi wanka, ta sa takalmi, ta ɗauki makullin mota, sannan ta tuna ba ta da abin nema a bakin tafki. Maƙwabciyarta ta ce ta gan ta zaune a baranda da jaka a cinya har rana ta take.